Audugar da Ke Cikin Usur

Usur ɗin yana ƙasan akwatina har yau, kuma ba na son ganinsa.

Lokacin da aka fara buɗe wa 'yan mata makaranta a Jidda, mu 'yan unguwar Nuzla muka samu wata malama, Bahaushiyar Sudan, doguwa mai tsage a kumatu. Abla muke ce mata, kamar yadda ake ce wa kowace malama a nan. Ita ta zo mana da zancen da ba mu taɓa ji ba, wai 'yan mata ma suna yin kashshafa, wato sikawut. Mu dai samari muka sani da wannan, masu ɗaura ƙyalle a wuya suna nuna wa alhazai hanya. Ta ce a ƙasarsu ta yi tun tana yarinya, kuma ba ta ga abin da 'yan matan can suka fi mu da shi ba.

Gida gida ta bi. Ta sha shayi da iyayenmu mata har ta gaji, ta yi magana da mazan ta bayan labule. Babana, tela ne a Balad, can tsakiyar gari, shi ya fi kowa taurin kai, kuma maganarsa sauran suka bi.

"Ki koya musu abin da za ki koya musu," in ji shi, "amma a saman soronki, bayan katanga. Ranar da aka ji ko tarinsu daga titi, halas, magana ta ƙare."

Ta ce ta ɗauki alkawari. A kan wannan alkawarin kaɗai ƙungiyarmu ta tsaya.

Mu goma sha ɗaya ne. Kowace Alhamis bayan la'asar mukan hau soron gidan da take haya, ƙyalle ruwan ɗorawa a ɓoye cikin abaya. Mun koyi ƙulli iri iri, da ɗaure rauni, da yadda mutum biyu za su ɗauki wanda ya suma. Fareti ba takalmi muke yi, a kan tabarma. Waƙa kuwa da raɗa, kamar masu gulma. Abla tana da usur na ƙarfe rataye a wuya, amma ta cusa masa auduga. In ta busa, iska kawai ke fita, fuuu, mu yi ta danne dariya. Duk da haka ba wadda ta taɓa ƙin shiga layi in ta ji wannan iskar.

Wata rana kwalba ta yanke ƙanena a ƙafa, na ɗaure masa kafin Inna ta gama salati. Babana yana tsaye yana kallo. Bayan kwana biyu ya karɓi ƙyallayenmu duka ya yi musu kalmasa da kekensa.

Shekara biyu muka yi haka. Sai kafilin mijin Abla, mutumin da ya tsaya masa a ƙasar, ya rufe shagonsa, iƙamarsu, wato takardar zama, ta ƙare, ba makawa su koma Sudan. A Alhamis ɗinta ta ƙarshe ta cire usur ɗin ta rataya mini a gaban kowa. Ina da shekara goma sha biyar.

"Ke ce babbarsu, ke ce kuma mai zafin kai," ta ce. "Na san duka biyun. Ki riƙe mini su. Audugar nan kuwa, ya binti, kada ki taɓa ta."

Tsohuwar da ke da gidan ta yarda mu ci gaba da hawa soron. Alhamis ta farko kuka muka yi. Ta biyu aka ɗan bi ni. Ta uku kuwa yaran suka baje a tabarma suna ɓare gyaɗa, na busa iskata har sau huɗu ba wadda ta motsa. Ƙawata ta kusa, wadda muke kwana ɗaki ɗaya in an yi biki, ita ce ta ɗago kai.

"Yalla, ki huta mana. Ke fa ba Abla ba ce."

Aka kwashe da dariya. Ni dama ba a taɓa ni in ƙyale. Na zare allurar mayafina, na tsokalo audugar, na cika kumatuna na busa. Sau uku.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Tattabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Yaran suka zabura suka shiga layi tsaf, kamar yadda ba su taɓa yi wa Abla ba. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, har ƙirjina ya buɗe. Sai muka jiyo muryoyin dattawan da ke zaune ƙofar masallaci suna tambayar wane gida ne.

Kafin magariba labari ya kai Balad. Babana bai dake ni ba, da ma ya daka.

"An yi mini alkawari," ya ce.

"Abla ce ta yi, Baba, ba ni ba."

"Ita ta cika nata."

Alhamis ta gaba ni kaɗai na je. Tsohuwar ta leƙo, ta ce in yi haƙuri, an sa wa ƙofar soro kwaɗo. Na bi gidajen yaran kamar yadda Abla ta bi, amma ni ba wanda ya ba ni ko shayi.

Wasiƙar Abla ta farko ta zo ta hannun wani alhaji. Ku nawa ne yanzu? Ƙaramar cikinku ta iya ƙullin nan kuwa? Na ɗauki biro ya fi sau goma, kunya ta hana ni. Ta biyu ta zo, ita ma na ajiye. Kullum cewa nake sai na tara yaran tukuna, in samu abin faɗa. Ban tara su ba.

Ina goyon ɗana na fari wata mata daga garinsu ta zo aikin hajji, ta nemi gidanmu. Ta ce Abla ta rasu bara. Ta ce har ciwonta na ƙarshe tana ba mutane labari cewa ta bar ƙungiya a Jidda, a hannun yarinyar da ba ta da shakka a kanta. Matar ta dube ni da murna ta ce, "Ke ce ko? Yanzu ku nawa ne?"

Sai hawaye suka zubo mini. Ta ɗauka na rasuwar ne kawai.

Audugar kuwa, tun washegarin ranar na mayar da ita. Tana nan ciki har yanzu.