Littafi Na Ashirin da Uku

Duk wanda ya shigo ƙungiyar waƙa ta cocinmu, ba Kantor ne ke fara yi masa magana ba, Reinhild Oschmann ce. Za ta tsaya a bakin kabad ɗin littattafai, ta dube ka daga sama har ƙasa, ta miƙo maka littafin waƙa da fensir, ta ce, "Fensir kawai. Na ga biro a ciki, ni da kai ne." Ni shekara talatin da huɗu ke nan da ta faɗa min haka, kuma har yau in na ciro biro a ɗakin gwaji sai na waiga.

Ita ke kula da littattafanmu, aikin sa kai. Asalin aikinta a masana'antar gilashi yake, inda ake ƙera ma'aunin zafi. Shekara ashirin da shida tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana duba ko layukan sun zauna daidai, har aka haɗe gabashin ƙasar da yammacinta aka rufe masana'antar. Daga nan ta juyo da idon nan nata gaba ɗaya kanmu, mu kuwa muka ji a jikinmu.

Mawaƙi ba ya rabuwa da rubutu a littafinsa. Kantor, wato shugabanmu mai ba da hannu, zai ce a nan ku ja numfashi, a nan ku sassauta, a nan ku dube ni, kowa ya duƙa ya sa alama. Masu goge da masu sarewa su ma haka suke yi a takardunsu. In an gama wasa sai a tattara, Reinhild ta zauna ta goge shafi-shafi. Zamanin da magogi mai kyau ke wuyar samu a nan gabas, da tsokar burodi take yi, ta mulmula ta a hannu ta bi takarda a hankali.

Littattafai iri ɗaya ne kawai ba a taɓa su: na babbar waƙar da muke yi kowace Juma'ar Ista, ƙarfe uku na rana. Guda arba'in ne, masu koren bango, an daɗe da daina buga irinsu. Kowa da lambarsa, kuma da yake tsohon Kantor bai taɓa sauya komai ba, alamarka ta bara ita ce ta bana. Sai in mutum ya bar ƙungiya ko ya mutu Reinhild ke goge nasa tas, ta ba na baya. Ta yi wa matattu da yawa haka, ba ta taɓa nuna ko a jikinta ba.

Mijinta Volkmar direban bas ne, kuma shi ke tsayawa a haguna a layin baya, layinmu na maza masu kaurin murya. Ƙato ne, muryarsa kamar daga cikin ganga. Lambarsa ashirin da uku, kuma littafinsa ya fi jarida rubutu. Ita tana layi biyu gabanmu, cikin 'yan alto, wato mata masu ɗan kaurin murya. Ya yanke jiki ya faɗi wani lokacin kaka yana tsinkar 'ya'yan itace a bayan gidansu, zuciya ce, kafin motar asibiti ta iso ya cika. Bayan sati biyu ta dawo gwaji. Ba wanda ya tambayi littafinsa, don a lokacin ba mu kai arba'in ba.

Shekara shida da wannan tsohon Kantor ya yi ritaya, aka kawo mana Herr Brodersen daga can arewa bakin teku. Siriri ne, da keke yake zuwa, ga ladabi kamar me, amma in ya ce abu ya zauna. A watan Janairu ya tsaya gaban kabad ya ce, "Frau Oschmann, ina so a goge koren littattafan nan kafin mu fara. Ba na son in riƙa jayayya da wanda ya riga ni a kowane shafi."

"Duka arba'in?"

"Duka."

"To," in ji ta.

Ni raina ya ɓaci, ban kuma ɓoye ba. Na ce mata mutumin da aka haifa bayan na fara waƙar nan shi zai zo ya share min numfashina na shekara talatin?

"Ekke," ta ce, "in bayan shekara talatin ba ka san inda za ka ja numfashi ba, ai ba fensir kake buƙata ba, likita."

Ta kwashe su a keken cefane, goma-goma. Bayan sati uku ta dawo da su, ta ce wa Kantor a gabanmu, "An goge duka arba'in." Maganar Reinhild kuwa ba a bincikawa.

Ya sauya abubuwa da yawa, amma babban cikinsu wuri ɗaya ne. A inda labarin da ke cikin waƙar ya kai ga mutuwar Yesu, tsohon Kantor ba ya tsayawa: mu 'yan layin baya muke faɗawa waƙa ta gaba nan take, da ƙarfi, sauran su biyo mu. Herr Brodersen ya ce a'a. A wurin nan shiru yake so, dogo, hannunsa a sama, ba goge ba tari, sai mutane sun ji kamar ba za su iya jurewa ba, sannan mu shiga gaba ɗaya a hankali. Mun gwada ya fi sau hamsin. Na yi ta ƙunƙuni, amma gaskiya ita ce ranar da muka fara yin sa daidai sai da tsigar jikina ta tashi.

Satin Ista mura ta kwantar da uku cikin mu bakwai na layin baya, kowa da littafinsa a gida. Kantor ya yi waya birnin Weimar aka samo mana Herr Matuschek, wanda waƙa ce sana'arsa. Irinsu ba sa zuwa gwajin wata uku. Ranar wasa suke zuwa, su buɗe duk littafin da aka ba su, abin da fensir ya ce shi ne maganar Kantor, ba sa tambaya. Jirgin ƙasansa ya makara, bai shigo ba sai uku saura minti ashirin, yana haki, ya ce a ba shi littafi.

Mu talatin da tara ne a shekarar, don haka na san saura ɗaya. Reinhild tana can gaba tana jera wa makaɗa takardu. Na ga makulli a jikin kabad, na buɗe, na laluba. Can sama a lungu na taɓo shi, naɗe cikin tawul ɗin kicin. Na ga lambar, yaya za a yi ban gane ta ba? Amma ta ce an goge duka, ni kuma ban buɗe ba. Na danƙa masa. Na yi niyyar in gaya masa zancen shirun, sai aka kaɗa ƙararrawa, aka tura shi can ƙarshen layi, mutum uku tsakanina da shi.

Coci ya cika maƙil, kowa cikin rigar sanyi. Makaɗa sha huɗu a gabanmu. Wallahi ba mu taɓa yin waƙar nan da kyau kamar ranar ba, kuma baƙon namu ya ɗauke layinmu kamar ba a rasa kowa ba. Muka kai wurin. Mawaƙin da ke ba da labarin ya rera kalmar ƙarshe, masu goge suka ɗaga sandunansu, hannun Kantor ya tsaya a sama. Cocin ya yi tsit.

Sai Herr Matuschek ya buɗe baki ya shiga, shi kaɗai, da duk ƙarfin da Allah ya ba shi.

Kalma ɗaya da rabi ya yi ya gane, ya haɗiye sauran, amma rufin cocinmu ba ya sakin sauti da wuri. Muna tsaye muna jin ta tana zagayawa. Kantor bai sauke hannu ba, sai dai ya yi ja har kunnuwa. Ni kuwa na san wannan shigar, shekara ashirin da takwas ina jin ta a kunnena na hagu. Na dubi Reinhild. Ba ta waigo ba. Kafaɗunta na gani sun ɗaga, littafinta ya sauka ƙasa, kuma har aka gama waƙar ba ta buɗe baki ba.

Ranar Juma'ar Ista ba a yi wa mawaƙa tafi a wurinmu. In an gama, ƙararrawa ce ke bugawa, mutane su fita shiru. Da ana tafi da ya ɗan rufa mana asiri.

A ɗakin baya Herr Matuschek ya buɗe wa Kantor shafin. Ga shi nan da manyan baƙaƙe, an ja masa layi biyu: BA TSAYAWA, SHIGA DA ƘARFI.

"Herr Kantor, abin da na tarar ke nan," ya ce. "Na ga hannunka a sama, na ɗauka ni kake ba hannu."

"Ba laifinka ba ne. Rubutun wa ye wannan?"

"Na mijina ne," in ji Reinhild daga bakin ƙofa. "Na ce maka an goge duka. Ƙarya na yi."

Na ce ni na ɗauko shi, a ɗora min.

"Kai ka ɗauko, ni na ɓoye. Yi shiru, Ekke."

Kantor ya daɗe yana kallon shafin. Fushinsa na gani yana sauka. Ya rufe littafin ya miƙa mata, ya ce, "Frau Oschmann, ki tafi da shi gida. Naki ne. Za mu yi maneji da talatin da tara."

"Ba nawa ba ne, Herr Kantor. Ba naka ba ne kuma, balle ka bayar. Na goge wa matar Ullrich na mijinta tana kuka a kaina. Da wane ido zan dube ta?"

Ta sa shi a jaka ta fita. Na ji haushinta, na ji haushin kaina, tausayinta kuma ya fi duka.

Da safiyar Asabar na sayi kek a gidan burodi na tafi ba ta haƙuri. Na same ta a teburin kicin, littafin a gabanta a rufe, ga sabon magogi a gefe.

"Ajiye wannan," ta ce. "Zauna ka danne min shafi. Shekara shida ban buɗe shi ba."

Na zauna na danne. Takan karanta kowane rubutu kafin ta goge, kamar mai duba wasiƙun mutane. *Haɗiye yawu. Juya shafi da wuri. Kada ka yi tari a nan.* A shafi na sha ɗaya ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Ga naka. *Ekke yana sauri, kada ka bi shi.*"

"Sharri ne. Shi ke jan ƙafa."

"Sau uku ya rubuta, ka ga. Ni ma na sha ji daga gaba."

Muka yi dariya, ta goge. Da muka zo kan babban rubutun da ya jawo mana abin kunya, ko tsayawa ba ta yi ba, ta murje shi har sai da na ce ta yi a hankali kada takardar ta huje.

Akwai wata alama da take ta tsallakewa. Ƙaramin harafi ne, R, a saman layi, nan ɗaya can ɗaya, kusan kowane shafi. Can ta ja littafin kusa da taga, ta bi su da yatsa, tana motsa leɓe tana rera waƙar a ranta. Na ga lokacin da ta gane. Kowane R yana daidai inda 'yan alto ke shiga gabanin mu.

"Kada ka fara min, Ekke," ta ce, ko da yake ban ce komai ba. "Ba wani abu ba ne. Mutumin nan bai taɓa iya ƙirga ba. Muryata yake jira, ya san lokacinsa ya yi."

Na ce haka ne.

"Kullum cewa yake daga baya ba a jin 'yan alto. Maƙaryacin banza."

Ta cire tabarau ta goge idonta da bayan hannu, ta mayar. Ni kam kuka na yi, ba na jin kunyar faɗa. Sannan ta koma shafin farko ta bi su ɗaya-ɗaya. Mun kai wajen awa biyu. Da muka zo na ƙarshe na ɗora yatsana a kai, na ce ta bar wannan kaɗai, ƙarami ne, ba wanda zai ɓata wa waƙa.

"Wanda zai karɓi littafin, wa zai jira a nan?" ta ce. "Ɗage hannunka."

Na ɗage, ta goge. Ta ɗaga shafin ga haske ta duba, ta rufe littafin. Garin magogi ya taru a kan teburin, baƙi-baƙi. Ta share shi da gefen hannu zuwa tafinta. Kwandon shara na nan kusa da ƙafarta. Ta ɗan tsaya tana kallon hannun, sannan ta juye shi a aljihun rigar sanyinta, ta ce in tashi in ɗora ruwan kofi.