Ba Lombe, Mutumin da Na Kora Daga Aiki

Kowace Laraba da Asabar, da ƙarfe uku na rana, Ba Lombe Kabaso (a nan "Ba" kalmar girmamawa ce, kamar "Malam") yakan rufe rumfarsa ta gyaran takalma a kasuwar Chimwemwe da ke nan Kitwe, ya ɗaura buta a bayan keke, ya nufi ɗakin da ke bayan cocinmu. Ya yi shara, ya jera kujeru a zagaye, ya hura gawayi ya ɗora shayi. A ɗakin ne mu da giya ta kayar muke haɗuwa, kowa ya faɗi yadda ya kwana da ita. Shekara goma sha tara yana wannan hidima, ba wanda ya ɗauke shi aikin. A zamanmu ba ma fitar da sunan kowa, sai da na nemi izininsa da na wata 'yar zaman namu, Bana Chanda, wato Maman Chanda, kafin na rubuta wannan.

Ni ne na fi kowa rashin bakin yabonsa. Lokacin da nake helma a mahaƙar tagulla, ina kula da masu shiga rami, wata safiya ya zo yana warin kachasu, barasar nan ta gida. Da na ja shi gefe, da an gama. Sai na tsayar da shi gaban ma'aikata arba'in, na ce ya tsaya da ƙafa ɗaya. Ya faɗi, aka fashe da dariya, na ce ya ajiye hular kwanonsa ya tafi. Alhali ni ma akwai kwalba a aljihun teburina.

Tawa ta same ni ranar auren 'yata Mwaba. Na tashi zan yi jawabi gaban surukai, na kifa kan tebur, na jiƙa wandona. Kwana uku ban fito ba. Mwaba ce ta je asibitin unguwa ta tambayi wata nas inda irinmu suke zama, ta rubuto a takarda ta ajiye mini kusa da kwanon nshima, tuwonmu na masara. Ba ta ko dube ni ba.

Sau uku ina zuwa bakin katangar cocin ina juyawa. A na huɗu wani mai furfura ya fito, sai na ga ashe shi ne.

"Ba Helma," ya ce, "kullum sai ka zo ka duba katangar nan. Ba ta sayarwa ba ce. Shigo, shayi yana hucewa."

Na so ƙasa ta buɗe. Na shiga na zauna a ƙurya. Bana Chanda, mai sayar da kifi, ta kalli takalmina ta ce, "Ah, yau mun yi baƙo mai sheƙi! Matso, malam, nan duk kwata ɗaya muka kwana."

Da aka zo kan Ba Lombe ya ce, "Sunana Lombe, ni mashayi ne." Ya ba da labarin ranar da ya rasa aiki, da yadda matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu. Bai ce ga wanda ya kore shi zaune ba. Ko inda nake bai kalla ba. Da aka watse na tsaya ina inda-inda, na ce ya yafe mini.

"Korar daidai ce," ya ce. "Da na shiga ramin nan, da na kashe mutane. Dariyar ce ta daɗe tana cina. Kama tsintsiya, bayana ciwo yake."

Ba Lombe, kai ne ka je rumfar Bana Chanda ranar da ta koma sha bayan shekara biyu, ka zauna kana taya ta gyaran kifi tun safe har rana ta take, ba ka yi mata faɗa ba, har ta yi kukanta ta gama. 'Yan kasuwa shaida ne. Kai ne ka buga ƙofata da sassafe lokacin da ni ma na koma bayan wata bakwai, na ɓuya a banɗaki kamar ɓarawo. Ta bayan ƙofa ka ce, "Yau ɗaya kawai nake nema, gobe ma ji da ita." Mai haƙuri da marasa alƙawari. Shekara shida ke nan ban kurɓa ba, kuma har yau idan na haɗa ido da kai sai na sunkuyar da kai.

Yanzu idonsa ya yi rauni, allura ba ta ganuwa, ƙarshen watan nan zai koma ƙauyensu kusa da Mansa. Na gode, Ba Lombe. Mwaba ta gode. Duk wanda ya tashi daga wannan ciwo, ya yi koyi da shi, ya koma ya jira na baya. Wanda kuma yake ciki, ya daure ya tambaya a asibiti ko a coci inda ake zaman.

Na karanta masa wannan a rumfarsa, yana ɗinki da lalube. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka cika surutu, Ba Helma. Abu ɗaya za ka gaya musu: kada su jira sai sun daina sha kafin su zo."