Italiyanci a Ɗakin Takaba

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Wurno lokacin da Kawu ƙarami ya rasu a Italiya. Ciwo ne ya kama shi a gonar tumatir ɗin da yake aiki, can aka yi masa sutura, mu labari kawai muka samu ta waya. Da aka ba mu hutu, Innata ta sa ni a mota zuwa Goronyo, gidan Kaka, in zauna da matarsa, Anti. Ba a barin mai takaba ita kaɗai a ɗaki, an ce iska na saurin shigarta. Ni aka zaɓa saboda ba ni da surutu.

"Kurma anka aiko ta yi gadin bebiya," in ji Kaka da ta gan ni. "To, ku ƙarata."

Ɗakin Anti taga ɗaya gare shi, ita ma bangon rumbu take kallo. Bazara ce, ga warin albasar da aka shanya a tsakar gida yana shigowa har cikin tufafinmu. An juya madubi ya fuskanci bango. Anti ba kwalli, ba turare, zane ɗaya mai ruwan toka take ɗaurawa. Wayarta tana hannun Kawu babba, don shi ke amsa wa maza masu kiran gaisuwa. Mu uku ne a ɗakin: ni, ita, da ɗiyarta da ba a yaye ba. Iyakar tafiyata randa da madafa. In na daɗe a waje sai in ji muryar Kaka: "Wa kika bar ma ɗakin?"

Daga bakin ƙofa ina hango wani rago fari mai baƙin kunne a turke. Kaka ta saye shi tun ranar da Kawu ƙarami ya ce mata ya kusa dawowa gida gaba ɗaya. Da aka nemi a yanka shi a yi sadaka ta hana. Ta ce ita ba ta ga gawa ba. Kullum da hannunta take dama masa dusa.

Bayan azahar, in yarinya ta yi barci, Anti kan jingina da bango tana motsa baki tana ƙirga yatsu. Na ɗauka tasbihi ne. Amma mai tasbihi gaɓoɓi yake bi, ita kuwa yatsu biyar na dama take lanƙwasawa, ta ƙara da babban yatsan hagu, sannan ta koma farko. Kullum shida. Ban tambaya ba, na dai kasa kunne, har wata rana ta kama bakina yana bin nata.

Ta dube ni ta ce, "Ashe kina ji." Ta leƙa ƙofa, ta dawo ta zauna kusa da ni.

Italiyanci ne. Kawu ƙarami ne yake turo mata da muryarsa ta waya tun bara, domin yana shirin ɗauke ta ita da yarinyar su koma can. Kaka ba ta sani ba. Ita abin da ya faɗa mata daban ne.

"Kar ki hwaɗa ma kowa," in ji Anti. "Maganarshi ta ƙarshe da Inna ke nan, cewa shina dawowa. In na karɓe mata wagga, mi za ta riƙe?"

Na ce to.

Tunda wayar ba ta hannunta, maimaitawa take yi don kada ya zube mata. Ni kuma ba ni da wurin zuwa, sai na shiga ɗauka. Kowane yatsa da mutuminsa: ni, kai, shi, mu, ku, su. Da wanki muka fara. Lavo, lavi, lava, laviamo, lavate, lavano. Wannan na yanzu ne. Akwai na abin da aka saba yi a da, lavavo. Akwai na gobe, laverò, wanda ake danna ƙarshensa. Akwai wanda Anti ta fi jinkiri a kansa, laverei, na abin da mutum zai yi da a ce ya samu hali. Daga wanki muka koma ci, da saye, da tafiya, wadda ita ba ta bin layi, sai an haddace ta ɗaya bayan ɗaya. A kowane layi, in an wuce yatsa na huɗu, Anti kan yi ɗan gyaran murya sau biyu, ƙasa-ƙasa, kafin ta ci gaba. Ni ma haka na ɗauka. Na zaci ƙa'idar harshen ce.

Inna Babba, yayar Innata da ke aure a Achida, ita ta fara ji. Ta zo ɗibar gero a rumbu, ta tsaya jikin taga. Sai ga ta ta ɗaga labule.

"Ke, da wa kike magana?"

"Ba kowa, Yaya."

"Na ji ki da kunnena. Wanga ba Hausa ba na, ba Larabci ba, ba Hillanci ba. Mi kike hwaɗi?"

Anti ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komi."

Wannan "ba komi" ita ta ɓata al'amarin. Kafin la'asar an kawo kasko da garwashi, aka zuba hayaƙi, aka rufe mu ciki, har tagar aka toshe da tsumma. Idanuna suna ruwa, Anti tana tari, ba wadda ta ce a buɗe. Aka ɗauke yarinyar aka kai ɗakin Kaka, sai in za ta sha nono ake kawo ta, Inna Babba na tsaye a kanta. Matan maƙwabta da ke shigowa gaisuwa suka daina wuce bakin ƙofa. Ɗaya ta ce ai daga can ƙasar aljanin ya biyo ta ta cikin waya. Wata ta ce ita tun farko ta ga idon ya sauya.

Ina wankin kwanuka na ji an yanke shawara. Za a kira Malam, aminin marigayi kakanmu, ya yi mata karatu. Ita kuwa yarinyar, Inna Babba za ta tafi da ita Achida a yaye ta a can, kada ta sha abin a nono.

Na koma ɗaki na faɗa wa Anti. Gaban zanenta ya jiƙe, lokacin shan yarinyar ya wuce ba a kawo ta ba.

"Anti, in hwaɗi?"

"A'a."

"Za su tahi da ita."

"Na ce a'a." Yatsunta suna lanƙwashewa da kansu a kan cinyarta.

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, ga shi na riƙe maganar da ta fi ƙarfina. In na yi shiru a raba uwa da ɗiya. In na buɗe baki na karya wa Anti alkawari, na kuma taɓa Kaka inda ba a taɓawa.

Malam ya zo da hantsi. Aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, labule a tsakaninsa da Anti. Inna Babba ta riga ta goya yarinyar, ƙullin kayanta a hannu, mai mashin yana jira a waje, ina jin ƙarar injinsa. Malam ya yi karatu mai tsawo. Anti ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Ya juya ya tambaya ko akwai wanda ya riƙe abin da take faɗi.

"Ga kurmar da taka kwana da ita nan," in ji Kaka. "In ka iya hidda magana bakinta, ka yi aiki."

Yarinyar ta miƙo hannu wajen labule tana kuka. Ban yi shawara da kowa ba, ban kuma dubi ɗakin ba. Na ɗaga hannun dama, na lanƙwasa ɗan ƙaramin yatsa.

"Lavo. Lavi. Lava."

"Innalillahi!" Inna Babba ta ja da baya. "Ya shahi ɗiyar ƙanwata ita ma!"

"Dakata," in ji Malam. "Ke ɗiyata, mi ke nan?"

"Ina wankewa. Kana wankewa. Shina wankewa."

"To in jiya ta fa?"

Na faɗa masa. Ya ce in gobe ce fa, na faɗa masa. Ya ce in mu duka ne, na ba shi. Sai ya shafa gemu yana murmushi.

"Hajiya, wanga sarfu na, irin wanda muke koya ma yara a Larabci, fa'ala, fa'altu. Tun da nike ban taɓa gamuwa da aljanin da ka zama shi yi sarfu ba. Su ba su da wanga haƙuri. Kawo shi duka daga hwari, ɗiyata."

Na fara daga farko, a hankali, yatsa bayan yatsa. Da na wuce na huɗu na yi gyaran muryar nan sau biyu, kamar yadda na koya.

"Sake," in ji Kaka.

Na ɗauka kuskure na yi. Na sake, na kuma yi gyaran muryar a wurinsa.

Kaka ta zauna a kan turmin da ke kife. "Haka shika yi," ta ce. "Tun shina ƙarami, in shina biya allo. Na yi ta ba shi zuma, bai bari ba." Ta juya wajen labule. "Shi ya koya miki?"

Daga ciki Anti ta ce, "Shi na, Inna."

"Don ki gaishe shi in ya dawo?"

A waje mai mashin ya kashe injinsa.

"Ashe ɗaukarku za shi yi," in ji Kaka. Ba tambaya ba ce. Ta miƙe, ta kwance goyon daga bayan Inna Babba da hannunta, ta ɗaga labule ta miƙa yarinyar ciki. Sannan ta shige ɗakinta. Malam ya naɗe tabarmarsa da kansa.

Anti ta yi kwanaki ba ta ce mini komai ba sai "miƙo min ruwa". Ban san ko fushi ba ne, ban kuma tambaya ba. Kaka ma ta daina ce mini kurma, abin da na fi jin zafinsa ke nan.

Ranar Juma'a ta sa Kawu babba ya yanka ragon, aka raba wa maƙwabta sadaka. Turken ya zauna da igiyarsa.

Sauran hutun a ɗakin nan na ƙarasa shi, da tagarsa ɗaya da warin albasa. Sai dai bayan azahar Kaka kan jawo kujerarta 'yar tsugune zuwa bakin ƙofarmu da faifan wake tana tsinta. Ba ta shigowa. Takan ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ku yi abinku." Sai Anti ta ɗaga hannu ta fara. In an kusa yatsa na huɗu, hannun Kaka kan tsaya a cikin waken.