Ƙaramar Bilendar Maman Kicin

A masana'antar takalman da ke bayan tashar jirgin ƙasa, babu wanda ya san ta da wani suna sai Maman Kicin. Ta shiga wurin da ƙuruciyarta tana yankan albasa, ta tsufa a kan manyan tukwane. Da an kaɗa ƙararrawar cin abinci ma'aikata za su jeru da farantansu, hannuwa duk gam, ita kuma tana tsaye da ludayi. Ba ta taɓa auna gishiri da cokali ba. Ta ɗiga miya a tafin hannu, ta lasa, ta ce a ƙara ko a sauke.

Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, irin wanda kowa ke yi ya tashi. Ita ma ta tashi, sai dai harshenta bai tashi tare da ita ba, haka ma hancinta. Shayi ya zama ruwan zafi kawai. Nama kuwa kamar tana tauna tsumma. Likita ya ce abin yakan dawo, wani lokaci kuma ba ya dawowa.

Ta koma aiki ba ta gaya wa kowa ba. Hannunta ya san ma'auni, amma in ta lasa ta ji salam sai ta ƙara, ta sake lasa, ta sake ƙarawa. A gida maigidanta, tsohon direban bas, ya riƙa ci yana korawa da ruwa bai ce uffan ba. Ma'aikata ba su da wannan kawaicin.

"Mama, yau kuma teku kika dafa mana?" in ji wani mai yankan fata, layi ya ɗauki dariya.

Manaja ya kira ta ofis, ya ba ta kujera, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Mataimakiyarta za ta karɓi tukwane, ita kuma ta koma wajen wanke-wanke. Ta ce to. Ta fito ta tsaya a gaban famfo tana jiran ɓacin rai ya zo. Bai zo ba, sai ta ɗauki soso.

Daga nan cin abinci ya zame mata aiki. Ta yi loma biyu ta ture kwano. Ba ta jin yunwa, ba ta jin ƙoshi. Riguna suka fara yi mata yawa. Autarta, wadda ke aiki a kantin magani, ta zo gida wata ranar hutu, ta kama hannun uwar ta ga yatsunta biyu sun zagaye shi har da saura.

"Mama, in ba za ki tauna ba, sai ki sha. Ayaba, madara, gwanda, a markaɗa ki shanye kamar magani."

"Bilenda tana saman kabad."

"Waccan jibgegiyar? Ta lokacin da muke cike da gidan nan? Saboda ayaba ɗaya ba za ki sauko da ita ba, na san halinki. Ɗauko jakarki."

Kantin kayan lantarki ne mai sanyi da fitilu ko'ina. Mai kantin ya jera musu ƙananan bilenda a kan tebur, kowacce tsawonta bai wuce gorar ruwa ba, ya shiga bayani. Wannan a cikin kofinta ake markaɗawa, a cire wuƙar a sa murfi a sha. Wannan caji ake mata kamar waya, ko babu wuta tana aiki, amma ba ta son abu mai tauri. Waccan tana fasa ƙanƙara, sai dai ƙararta na iya tayar da maƙwabta.

Auta ce ke ta tambayoyi. Uwar tana kallon wata fanka da ke juyawa a kusurwa.

"Mama, wacce kike so?"

"Duk ɗaya."

"Ja ko koriya?"

"Wadda kika ga dama."

Idon Auta ya ciko. Mai kantin ya sunkuyar da kai yana gyara kwalaye. Ganin haka Maman Kicin ta matso, ba don abin ya dame ta ba, sai don kada yarinyar ta yi kuka a gaban mutane. Ta ɗauki ta farko ta kwance gindinta, ta zura hannu cikin kofin, hannun ya ƙi shiga. Ta ajiye. Ta biyu wuƙarta ba ta fita, kuma akwai wani lungu ƙarƙashin robar gindinta da soso ba zai kai ba. Ta uku fara ce, ba wani kyau, bakinta faɗi, robar tana ciruwa.

"Wannan za ta wanku," ta ce.

"Hajiya, ba ki tambayi ƙarfin injin ba."

"Ayaba ce, ɗana, ba ƙashi ba."

Ita suka ɗauka. Bilendar ta samu wuri kusa da butar shayi. Kullum da safe Maman Kicin ta yanka ayaba, ta zuba madara, wani lokaci da gwanda ko ɗan gyaɗa, ta danna. Ta shanye a tsaye. Abin da take ji sanyi ne da kauri suna wucewa ta maƙogwaro, shi ke nan. Ta sake haɗa wani ta rufe, ta sa a jaka don rana. Idan ma'aikata sun jeru wajen sabuwar kuku, ita tana bayan ƙofa a kan bokitin da aka kife, tana kurɓa.

Wata safiya madarar ta lalace ba ta sani ba. Ta shanye tas, ta wuni tana amai, har aka maido ta gida a motar masana'anta. Maigidan ya zauna bakin gado ya daɗe yana kallon ƙasa.

Washegari ta shiga kicin ta same shi tsaye, shi da tun aurensu bai san inda ake ajiye ashana ba. Ya buɗe madara ya shinshina, ya shinshina gwandar. Da ta markaɗa ya miƙo cokali ya ɗanɗana, ya ɓata fuska.

"Ba sukari ko kaɗan? Haka kike sha?"

"Ina na sani, Baban Auta?"

Ya zuba mata ɗan zuma. Ta sha, ba ta ji bambanci ba, ta ce ya yi.

Haka suke yi har yanzu. Jikinta ya ɗan dawo, Auta ta rage yawan bugo waya. Ɗanɗanon bai dawo ba, ta kuma daina zuwa wajen likita. Baɗi za ta ajiye aiki. Manaja ya tambaye ta abin da take so a yi mata na sallama, ta ce za ta yi tunani, ta koma wajen famfo inda faranti suka taru.