Jirgin Saman da Ya Tsayar da Yasar Kogi

Har gobe ina tuna ranar da na tsayar da aikin yasar kogi a kusa da birnin Lyon na Faransa, ina sabon shiga aiki. A biro ɗinmu, wato ofishinmu, kafin injin ya fara kwashe yashi, sai mu duba hotunan da na'ura ta ɗauko daga ƙarƙashin ruwa. In muka ga tsohon jirgin ruwa ko jirgin saman da ya faɗa lokacin yaƙi, ƙa'ida ce a dakata, domin wani lokaci akwai ƙasusuwan mutane a ciki.

Da safen ranar na ga abu a hoton kwance cikin laka, da fukafukai biyu da wutsiya. Nan take na kira babbar shugabarmu a Paris, ta ba da umarnin a kashe injin.

Mai tuƙa injin, Malam Lawali, dattijo ne mutumin Tawa ta Nijar da ke zaune a Vénissieux, gefen Lyon. Ya sauko yana huci.

"Ɗana, kai da ko tafkin garinku ba ka taɓa shiga ba, kai ne ka ga jirgi a ƙasan kogi?"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ga hoton."

Washegari shugabar ta iso da furanni da masu nutso biyu. Suka shiga ruwa, muka tsaya a gaɓa muna jira. Ina waigawa sai na ga Malam Lawali ya ɗaga hannu yana yi wa matuƙin jirgin addu'a, idonsa ya yi ja.

Can sai mai nutso ɗaya ya fito, dariya har tana shaƙe shi. Ashe jirgin lilon yara ne na filin wasa, hancinsa ja, ga fentin murmushi a gabansa.

Malam Lawali ya shafa addu'arsa tsaf, ya dube ni.

"To, ɗana, matuƙin ya sauka lafiya, yanzu ma ƙila ya yi jikoki. In tada injina?"

Na so ƙasa ta buɗe in shige. Shugabar ta miƙa wa Malam Lawali furannin, ta ce da ni, "Gobe ma in ka ga irinsa, ka tsayar da aikin."

Ku da kuka shigo wannan aiki bana, ku riƙe wannan: kunyar kwana ɗaya tana wucewa, amma kabarin da injin ya niƙe ba ya gyaruwa. Mai yi muku faɗa a gaɓa kuwa, kada ku ƙullace shi. Shi ne zai riga kowa ɗaga hannu don addu'a.