Kwat Ɗin Baƙo Mai Hoto

Shekarar da hukuma ta ce kowane malamin makaranta sai ya mallaki katin shaida, ita ce shekarar da Malam Ma'ana ya fara sanin Baƙo Mai Hoto. A lokacin Malam bai daɗe da fitowa daga makarantar mishan ba, wando ya sha guga, alƙalami a aljihun gaba, kai cike da abin da aka ɗura masa. Darasin zaman ƙasa yake koyarwa. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, domin ba a faɗin kalma a gabansa bai tambayi ma'anarta ba.

Baƙo kuwa saurayi ne da ya ƙetaro iyaka da akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku, ya kafa rumfa a jikin katangar ofishin rajista, dab da taga. Kayansa ba su wuce benci, da farin ƙyallen da yake ratayawa a bango, da madubi mai tsaga a kusurwa, da mataji, da kwat guda ruwan toka a kan ƙusa ba. Dokarsa ɗaya ce: duk namijin da zai zauna a bencin nan sai ya sa kwat ɗin. Mai ƙiba a bar masa maɓalli a buɗe, siriri a tattare masa baya da fil.

"Hukuma ce za ta dube ka," in ji shi, "kada ta gan ka kamar wanda aka koro."

Malam ya ƙi. Ya ce shi da farar rigarsa ya zo, kuma ba ya sa kayan da kowa ya sa.

"Riga ta yi kyau, Malam," Baƙo ya ce, "sai dai fari a kan fari ba ya fita. Kanka kaɗai zai fito, babu kafaɗa."

Malam ya sa kwat. Haka rabin mazajen garin suka shiga takardun hukuma cikin riga ɗaya.

Daga nan bencin ya zama wurin zaman Malam idan an tashi makaranta. Abin da ɗalibai suka gudu suka bari, Baƙo yake juye wa. Ƙasa daban, al'umma daban: ƙasa tana da iyaka da tuta, al'umma kuwa mutane ne da suka yarda su zauna tare. Mazauni daban, ɗan ƙasa daban: mazauni izini aka ba shi, ɗan ƙasa ba ya neman izinin kowa.

"To ni mene ne, Malam?" Baƙo zai tambaya, yana shanya hotuna a igiya.

"Kai baƙo ne mai izinin zama."

"Madalla. Matsa kaɗan, ka tare mini haske."

Baƙo ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya sauya akwatin hoto ya sake sauyawa, kwat dai yana nan a ƙusarsa. Da ya nemi zama ɗan ƙasa, aka ce sai ya kawo shaida. Maƙwabta suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowa yana tsoron sa hannu a takardar hukuma. Malam ne ya tsaya masa. Ya koya masa kalmomin rantsuwa har ya haddace, ya raka shi gaban magatakarda. Ranar ce Baƙo ya fara sa kwat ɗin a jikinsa, hannun ya sauko ya rufe masa yatsu.

Aikin kirki ne, babu shakka. Sai dai Malam bai bar shi ya huce ba. Duk wanda ya zauna a bencin sai ya ji labarin, kuma sai an rufe da bayani: "Yanzu kai ɗan ƙasa ne, amma na hatimi. Ni na haihuwa ne. Doka ta daidaita mu, tarihi bai daidaita mu ba." Baƙo sai ya ce, "Haka ne, Malam," ya ci gaba da yanke gefen hoto. Sunan ma bai sake shi ba, har jikokinsa jikokin Baƙo ake kiransu.

Bana aka zo sabunta rajistar masu zaɓe. Malam, wanda ya daɗe da ajiye alli, bai taɓa fashin zaɓe ba tun na farko, kuma da wannan yake yi wa 'ya'yansa gori. Ya tafi ofis da sassafe da katin baftismarsa, wanda ya yi laushi kamar tsumma. Ma'aikaciyar, yarinya ce sa'ar jikarsa, ta karanta sunan ƙauyen haihuwa, ta shigar a na'ura, ta ɗaga hatimi.

Da Malam ya yi shiru, da an gama. Amma bai taɓa ganin bayani da gibi ya ƙyale shi ba.

"'Yata, don cikar bayani, wannan ƙauye yanzu yana tsallaken kogi. Da aka sake shata iyaka, can ya faɗa."

Hatimi ya tsaya a sama.

"Baba, wato a waje aka haife ka?"

"A'a. A ciki aka haife ni, daga baya ne wurin ya fita."

"Baba, na'ura ba ta da gurbin wannan."

Ta ajiye hatimin. Ta ce sai ya kawo ɗan ƙasa wanda ba danginsa ba, wanda kuma ya riga ya balaga ya san shi a nan kafin a sake iyakar, ya rantse gaban magatakarda kafin a rufe rajista. In ba haka ba, bana babu ƙuri'a.

Malam ya shiga lissafin tsararsa. Yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ya rage, abokin aikinsa na dā, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Tsofaffin ɗalibansa kuwa yara ne a wancan lokacin.

"Ga Baƙo nan," in ji matarsa, tana ninke wanki.

"Na hatimi ya shaidi na haihuwa?"

"Malam, a halin yanzu dai shi yana da hatimi, kai kana da bayani. Wa ya aike ka? Yarinya ta tambaye ka?"

Ya san doka ba ta hana ba, shi da ya koyar da ita. Roƙon Baƙo ne ya gagare shi. Ya ci gaba da zuwa benci, ya yi hirar ciwon gwiwa, ya yi hirar yadda ofis ya fara ɗaukar hoto da kansa har ciniki ya ja baya. Darasin zaman ƙasa kuwa ya ɗauke ɗif. Baƙo bai tambayi dalili ba.

Ranar rufe rajista Malam ya shirya jawabi a kansa, mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa, kan cewa iyaka tana iya barin mutum amma mutum bai bar ƙasa ba. Ya tsaya gaban tebur, ya gyara murya.

"An gama naka, Baba," in ji ma'aikaciyar. "Shaidarka ya zo jiya."

"Wane shaida?"

"Wani dattijo mai kwat ruwan toka, hannun ya rufe masa yatsu. Magatakarda ya ce yaya aka yi ya tabbata kana nan tun kafin a sake iyaka. Dattijon ya ce tun yana saurayi kake tare masa haske."

Ta buga hatimi, ta miƙo kati. Malam ya karɓa. Ya fita da jawabinsa, ba a bari ya yi ba.

Ya zagayo bayan katanga. Kwat yana kan ƙusarsa, Baƙo yana goge madubi.

"An ce kwat ya shiga ofis jiya," Malam ya ce.

"Shi ya je. Ni rakiya na yi."

Malam ya zauna. Ya duba katin, ya duba tagar ofis da ke saman kansu, wadda duk abin da aka faɗa a ciki yake saukowa rumfar. Ya buɗe baki zai fara bayanin matsayinsa na yanzu a idon doka, ko na haihuwa ne har yanzu ko ya koma na shaida, sai ya ga bai san ta inda zai kama ba.

Baƙo ya hura madubi, ya goge da gefen riga.

"Matsa kaɗan, Malam," ya ce.

Malam ya matsa.