Reshen Magarya a Bakin Ƙofa

Bhekizizwe Mthiyane maƙwabcina ne, kuma a cikin gandun dajin nan aka yanke masa cibiya, tun ba a kira shi gandu ba. Yana ɗan shekara tara aka kwashe mutanen ƙauyensu a manyan motoci, aka zagaye wurin da waya saboda karkanda. Kabarin ubansa ya rage a ciki.

Da ya girma, can ɗin ya samu aiki. Shekara talatin da ɗaya yana zaune a goshin motar baƙi, yana nuna musu sawun zaki da kashin giwa, suna ta ɗaukar hoto. Kullum sai sun wuce ta gefen kabarin, amma doka ta hana kowa sauka. Bai taɓa nuna wa baƙo wurin ba.

Bayan ya bar aiki sai tsohon ya fara zuwar masa a mafarki, wai an bar shi cikin namun daji. Mu kam mun san maganin wannan. Za ka yanki reshen magaryar kura ka je kabarin, ka kira mamacin ya shiga, ka kawo shi gida. Sharaɗin ɗaya ne, ba za ka ce wa kowa uffan a hanya ba, in ka yi magana ya koma. Shi ya sa ake tafiya da mai magana a madadinka, ya ce ni zan raka shi.

Shekara biyu yana jiran takardar izini. Da ta fito, ta mutum ɗaya ce. Na tsaya a bayan waya ina ta cizon yatsa.

Wajen la'asar na hango shi tafe da reshen a hannu, yana ta raɗa masa magana. A lokacin an canza mai gadi, sabon kuma bai ga shigarsa da reshen ba. Ya ce ko ganye ba ya fita daga gandun. Na ɗaga murya ina bayani, ya ce ba da ni yake ba. Ɗan Zulu ne fa, ya san ko mene ne, amma motar baƙi na baya tana hon, shugabansa kuma na kallo. Ya kama reshen ya ja.

Bhekizizwe ya riƙe har ƙaya ta fasa masa tafi. Sai ya ce, "Ɗana, ubana ne."

Mai gadin ya saki, ya sunkuyar da kai. "Wuce, Baba. Yi haƙuri."

Wuce da me? Aikin gama ya gama. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Bhekizizwe ya dubi reshen, ya jingine shi a jikin waya ta ciki, ya fito hannu wofi.

Ya sake neman izini. Takardar ta iso wata huɗu bayan mun binne shi, ita ma ta mutum ɗaya.